Fentin mota ya koɗe? A fara haska shi da fitilar waya kafin a sayi folish

A tashoshin motar Wurno, Rabah da Goronyo ba a rasa motar da janta ya koma ruwan hoda, ko baƙinta ya koma ruwan toka. Zafin bazara a Sakkwato yakan haura digiri 40, hasken rana yana cinye saman fenti, ƙurar hunturu kuma tana kankare shi idan an share ta da busasshen tsumma. Wanki da omo ma yana cire kariyar da ke kansa.

Bidiyoyin TikTok suna nuna kamar goga ɗaya ce ke dawo da sheƙi. Abin da ba sa faɗa shi ne folish rage fenti yake yi. Yawancin motocin zamani suna da shafi uku: na ƙasa, na launi, sai na sama mai kama da gilashi, wanda kaurinsa bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, ƙasa da kaurin takardar rubutu. Idan ya ƙare, sai dai a koma wurin mai fenti, kuma farashin motar ya faɗi a idon dillali.

Shi ya sa gwaji ke zuwa farko. A wanke motar, a kai ta inuwa, a haska bonet da fitilar waya daga gefe. Idan dusashewa ce da ƙananan zane-zane, kuma sheƙi yana dawowa da zarar an jiƙa wurin, folish zai yi aiki. Idan kuwa fararen tabo ne masu ɓarewa a gefe, shafin saman ya riga ya mutu. Masu wankin mota na iya mallakar ƙaramar na'urar auna kaurin fenti. Wasu nau'o'inta suna tura sakamako waya ta Bluetooth.

Idan fentin yana da sauran rai, a wanke da sabulun mota, a gwada folish marar kaifi a ɗan wuri da tsumma mai laushi, sannan a rufe da kaki. Kakin carnauba, da ake samu daga ganyen wata bishiya a Brazil, yana sheƙi amma ba ya jimawa a zafi. Na haɗin masana'anta ya fi shi ƙarko. Kada a yi aikin bisa ƙarfe mai zafi, kuma a nisanta man birki da jikin mota, domin cin fenti yake yi.