Ko Kun Sani?

A shekarar 1932, a jihar Tezas ta Amurka, wata alade ta haifi 'ya'ya 11, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ya zo da ƙwayar ido. Dalilin shi ne rashin sinadarin bitamin A. Wani mai bincike, Fred Hale, ya yi ta ba uwar abincin da babu wannan sinadari tun kafin a yi mata barbara har zuwa farkon cikinta. Da ya maimaita gwajin, sai aka ga wasu 'ya'yan da tsagaggen leɓe ban da makanta.

A makonnin farko na ciki ne ake halittar ido, kuma aikin ba ya kammaluwa sai da bitamin A. Kafin wannan bincike, akasarin masana suna ɗora wa gado laifin irin wannan nakasa.

Abin lura ga mai kiwo: farar masara kusan babu wannan sinadari a cikinta, amma jar masara da ɗanyen ganye suna ɗauke da abin da jiki ke sarrafawa ya zama bitamin A. Don Allah a kula da abincin dabba mai ciki.