Yadda Ƙaramar Kyamara Ke Taimaka Wa Likitoci Magance Gyambon Ƙafa

Gyambon da ke fitowa kusa da idon sawu, ya yi watanni ya ƙi warkewa, ba baƙon abu ba ne a Jabo da ƙauyukan Tambuwal da Kebbe. Sau da yawa matsalar ba a fata take ba, a jijiyoyin jini take.

A ƙwaurin mutum akwai gajerun jijiyoyi da ke kwashe jini daga ƙarƙashin fata zuwa manyan jijiyoyin cikin tsoka, daga nan ya hau zuwa zuciya. A cikinsu akwai bawul da ke hana jinin komowa. Idan bawul ɗin ya lalace, sai jini ya riƙa taruwa a ƙasa, ƙafa ta kumbura, fata ta yi baƙi, daga bisani ta fashe.

A 1938, wani likita a Amurka, Robert Linton, ya fito da tiyatar ɗaure waɗannan jijiyoyi. Sai dai akan yi doguwar tsaga a fatar da dama ta lalace, kuma ɗinkin kan daɗe bai haɗe ba. A 1985 wani likitan Jamus mai suna Hauer ya kawo dabarar amfani da kyamara, wadda ake kira SEPS.

Ga yadda ake yi. Likita zai yi 'yar tsaga ɗaya ko biyu a saman ƙwauri, nesa da gyambon. Sai ya zura siririn bututu mai fitila da kyamara a ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe tsoka, a hura iskar gas don wurin ya buɗe. Hoton na fitowa a allo kai tsaye, kamar kiran bidiyo. Da ya hango jijiyar da ta lalace, sai ya matse ta da ɗan ƙarfe ya yanke, jini ya bi lafiyayyun hanyoyi. Yanzu ma ana toshe su da zafin leza.

Amma ba kowane gyambo ne na jijiya ba, ciwon suga da sikila ma suna kawo shi. Hoton sikanin ne ke bambancewa, don haka gara a fara da asibitin Tambuwal, in ta kama a tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ko an yi tiyatar, likitoci kan sa a ci gaba da ɗaure ƙafar da bandeji mai matsewa.

Kyamarar bututu da ake jonawa a waya kuwa, ta leƙa cikin inji ce. Kada a kusantar da ita ga ciwo.