Kakanni a Ƙasar Dusar Ƙanƙara: A Kai Su da Shiri, a Dawo da Su da Mutunci

A al'adar mutanen Anka, Gummi da Bukkuyum, kamar sauran ƙasar Hausa, idan mace ta yi cikin fari gidan iyayenta take komawa ta haihu. Uwa ko gwaggo ta kula da jegonta, a yi suna ranar bakwai, sai an yi arba'in ta koma ɗakinta. Yau karatu da neman abinci sun kai wasu 'ya'yan wannan yanki ƙasashe masu nisa, daga likitoci da ma'aikatan jinya har ɗaliban manyan digiri. Ba su da yawa, amma kowannensu ya bar tsoho ko tsohuwa a gida. Saboda haka tafiyar ta juya: maimakon 'ya ta zo gida, uwa ce ke hawa jirgi. Wani lokaci inda za ta sauka birni ne irin Kalgari a lardin Albata na Kanada, wanda ke gindin tsaunukan Roki, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni. Iyalai da dama na fargabar irin wannan tafiya. Ra'ayina shi ne ya kamata a yi ta, domin abin da jikoki ke samu daga kakanninsu ba ya samuwa ta wata hanya, amma da sharaɗin a yi ta da shiri, kuma ta tsaya a matsayin ziyara.

Dalili na farko shi ne harshe da tarbiyya. Masana harsuna da suka bi diddigin baƙi a Amurka, irin su Joshua Fishman, sun nuna cewa harshen gida kan ɓace a tsatso na uku: iyaye na magana da shi, 'ya'ya na ji suna ɗan mayarwa, jikoki kuma sai harshen ƙasar da aka haife su. Tarihin Hausawa kansa ya nuna maganin wannan. Alhazan da suka bi ta Chadi a ƙasa suka zauna a Sudan, da mutanen Mai Wurno da kakanninsu suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, da Hausawan zangon Kumasi, duk sun riƙe Hausa fiye da shekara ɗari. Sun riƙe ta ne saboda sun zauna jama'a guda, da tsofaffinsu da malamansu. Iyalin da ke Kalgari kuwa miji ne da mata da yara, iyaye na wurin aiki, yara na makaranta inda Turanci kawai suke ji. Idan kaka ta shigo gidan, wadda ba ta jin Turanci, dole yaro ya nemo Hausar da zai roƙe ta abu. A bakinta zai ji Zamfarci tsantsa, ya san Gizo da Ƙoƙi, ya koyi durƙusawa ya gaida babba, ya shiga wasan jika da kaka wanda ke sa yaro ya saki jiki da tsoho ba tare da raini ba.

Wani zai ce ai akwai waya, ana ganin juna ta WhatsApp. Gaskiya ne waya ta rage nisa, amma tsakanin Kalgari da Nijeriya akwai tazarar awa 7 zuwa 8, lokacin da yaro ya taso makaranta dare ya raba a Gummi. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar makonni saboda matsalar tsaro. Ko layi na da kyau, gaisuwar minti goma ba ta koya wa yaro yadda ake cin tuwo da hannu ko yadda ake alwala. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Wani kuma zai ce gara a kawo jikokin gida, kuma wannan ya fi kyau idan ya samu. Sai dai kuɗin jirgin mutum biyar ba ɗaya ba ne da na mutum ɗaya, kuma halin da hanyoyin yammacin Zamfara ke ciki saboda 'yan bindiga ya sa iyaye da yawa ɗari-ɗari da kawo ƙananan yara.

Babbar hujjar masu hana tafiyar ita ce sanyi, kuma hujja ce mai ƙarfi. Hunturun da muka sani, wanda ke sa a kwana da kaskon wuta a Bukkuyum, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10. A Kalgari matsakaicin yanayin Janairu yana kusa da digiri 7 ƙasa da sifili, wasu ranakun yakan kai 30 ƙasa da sifili. Hukumar yanayi ta Kanada na gargaɗin cewa a irin wannan sanyi, idan da iska, fatar da ba a rufe ba na iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Sanyi na matse jijiyoyin jini, ya ƙara hawan jini, ya wahalar da zuciya, kuma tsofaffi ne suka fi shiga haɗari. Akwai wata iska mai ɗumi da ke gangarowa daga tsaunuka, ana ce mata Shinuk, takan narkar da dusar da rana, da dare ruwan ya daskare ya zama santsi. Faɗuwa ɗaya a kansa na iya karya ƙugun tsoho. Amma duk waɗannan haɗurra suna da rigakafi. Gidajen can da motocinsu akwai na'urar ɗumama. Ana sa tufafi hawa-hawa, da hula mai rufe kunne, da safar hannu, da takalmi mai kama ƙasa. Abu ɗaya da ya wajaba a gargaɗi baƙo a kai shi ne kada ya kuskura ya kunna gawayi a ɗaki don jin ɗumi, domin gidajen a toshe suke, iskar gawayi kuma ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

Mafi sauƙin rigakafi shi ne zaɓen lokaci, kuma a nan ne ake yawan kuskure. Lokacin da dattijon Zamfara ke samun sarari shi ne bayan an girbe gero da dawa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda shi ne tsakiyar sanyin can. Daga Yuni zuwa farkon Satumba kuwa, lokacin da Kalgari ke da daɗi, zafin rana bai cika wuce digiri 25 ba, lokacin damina ce a gida. Wanda zai yi tafiyar farko gara ya bar gona hannun 'ya'ya bayan noman fari, ya je a lokacin ɗumi. A lokacin ne zai iya fita ya taka, a kai shi gandun dajin Banf, wanda aka kafa tun 1885, ya ga tsaunukan da ƙanƙara ke kansu ba tare da ya sha wuyarta ba. Idan haihuwa ce ta tilasta tafiyar hunturu, to a ninka shiri. Kafin a tashi a ga likita, a auna jini da suga, a ɗauki isasshen magani tare da takardarsa. Tafiyar doguwa ce, sai an sauya jirgi a Turai ko Gabas ta Tsakiya, don haka a riƙa miƙe ƙafa a cikin jirgi saboda gudun daskarewar jini. Mai ciwon zuciya ko na numfashi kada a hau da shi wurare masu tsayi sai da izinin likita.

Doka ma ta tanadi irin wannan ziyara. Tun Disamba 2011 Kanada ta fito da Supa Biza don iyaye da kakannin 'yan ƙasa da masu izinin zama na dindindin, kuma daga Yuli 2022 mai ita na iya zama har shekara 5 a shiga ɗaya. Sharuɗɗanta sun haɗa da gwajin lafiya, da shaidar cewa mai gayyata na da isasshen kuɗin shiga, da inshorar lafiya ta aƙalla dalar Kanada 100,000, domin baƙo ba ya cikin tsarin jinya na gwamnati. A filin jirgi wajibi ne a bayyana duk abincin da aka ɗauko. Kilishi da dambun nama ba sa wucewa. Ta fuskar addini kuwa babu abin tsoro. Musulmi sun daɗe a Albata, masallacin Al-Rashid na Edmonton, na farko a Kanada, an buɗe shi a 1938. Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne lokutan salla: a Disamba rana na fitowa bayan ƙarfe 8 na safe ta faɗi wajen 4:30 na yamma, azahar da la'asar da magariba su zo kusa da juna. Jadawalin masallaci ya isa jagora, kuma fikihun Malikiyya da tsofaffinmu suka karanta ya halatta shafa a kan huffi wajen alwala.

Haɗarin da ya fi na sanyi girma shi ne kaɗaici. Dattijon da ya saba zaman majalisa a ƙofar gida, da sallar jam'i sau biyar, da cin kasuwar mako, idan aka rufe shi a gida daga safe har dare yana kallon taga, zai rame ko da abinci ya wadata. Tsohuwar da aka ɗauko don ganin jikoki, idan aka bar mata raino da girki shekara da shekaru saboda tsadar gidan renon yara, an mayar da ita 'yar aiki, kuma wannan ba biyayya ba ce. Izinin shekara 5 iyakar doka ce, ba ma'aunin abin da tsoho zai iya ɗauka ba. Wata biyu zuwa huɗu sun isa yaro ya shaƙu da kakarsa, ita kuma ba ta yanke da mutanenta ba.

Kira na ga 'ya'yan Anka, Gummi da Bukkuyum da ke waje shi ne ku gayyato iyayenku, amma ku ɗauki hutu don zama da su, ku kai su Juma'a, ku haɗa su da Hausawan garin, ku sayi tikitin dawowa tun kafin su taso. Ranar da tsoho ya ce gida yake so, ku mayar da shi.