Fulas Ya Fi Kofin Batir Dacewa da Sangere

A Turai da Amurka yanzu ana sayar da kofi mai batir a gindinsa, wanda aikinsa kawai shi ne hana gahawa hucewa. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Ember: ana saita shi da wayar hannu, ya riƙe abin sha a kan digiri 57 na ma'aunin Selshiyas, kuɗinsa ya haura dala 100, batirinsa kuma ba ya wuce kusan awa ɗaya da rabi in an ɗauke shi daga kan faifan cajinsa. Akwai kuma ƙananan faifai masu ɗumama gindin kofi da ake jonawa a kwamfuta. Dabara ce mai kyau, amma an yi ta ne don mutumin da ke zaune a ofis mai sanyi, wutar lantarki ba ta ɗaukewa. Ga mazaunin Sangere, fulas ɗin da ke kan teburin kowane mai shayi ya fi waɗannan duka amfani, kuma dalilin bai tsaya ga arha ba.

Sangere gari ne na ɗalibai, a bakin Jami'ar Modibbo Adama da aka kafa a 1981, kuma mai shan gahawa a nan yawanci ɗalibi ne da ya yago ledar Nescafe don karatun dare, ko direban da zai kama hanyar Mubi da asubahin hunturu. Dukansu biyu suna buƙatar ruwan zafi a daidai lokacin da wuta ba ta da tabbas. Kofin batir yana ƙirƙirar sabon zafi ne don maye gurbin wanda ya tsere, saboda haka kullum yana jiran caji, ya shiga layi ɗaya da waya da fitila. Shi kuwa fulas tsare zafin yake yi tun farko. James Dewar ne ya ƙirƙiro shi a 1892 don aikin kimiyya, kamfanin Thermos na Jamus ya fito da shi kasuwa a 1904, kuma tsarinsa bai canja ba: bango biyu, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu don zafi ya rasa abin da zai bi ya fita, an shafe cikin da azurfa mai mayar da zafin ciki, sannan marfi ya toshe tururi. Ruwan da aka tafasa sau ɗaya da magariba a kan gawayi ko gas zai kai mutum tsakar dare ba tare da an sake hura wuta ba.

Mai kare kofin batir zai ce fulas bai san daidai ba, yana riƙe ruwa da zafin da ya wuce na sha. Wannan gaskiya ne, kuma batu ne na lafiya da ya kamata a ɗauke shi da muhimmanci. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta bayyana cewa shan abin da zafinsa ya haura digiri 65 mai yiwuwa ne ya jawo sankarar bututun da abinci ke bi zuwa ciki, bisa bincike a wurare irin su Iran da Kudancin Amurka inda ake kurɓar abin sha yana tururi. Laifin na zafin ne, domin a wannan sanarwar aka cire gahawa daga jerin abubuwan da ake zargi. To amma maganin nan yana hannun mai shayi tun da daɗewa. Ka dubi yadda yake ɗaga kofi sama, ya tsiyayo shayin zuwa na ƙasa a dogon zare, ya juya, ya maimaita har kumfa ta taso. Kowace tsiyaya tana ba iska damar ɗauke zafi, tana kuma narkar da sukari. A garin da rana ke wuce digiri 40 a Maris da Afrilu, abin sha ba ya saurin hucewa da kansa, don haka wannan fifitar ta fi zama dole a nan fiye da ƙasashen sanyi.

Ƙorafi na biyu shi ne ɗanɗano, cewa gahawar da ta daɗe a fulas tana yin ɗaci. Haka ne, amma duk gahawar da aka riƙe da zafi na awoyi haka take yi, ko a kan wane faifai aka ɗora ta. Abin da ya dace shi ne a zuba ruwa zalla a fulas, a haɗa gahawar a kofi lokacin sha, kuma kada madara ta kwana a ciki, domin in ruwan ya koma ɗumi-ɗumi ƙwayoyin cuta na samun wurin hayayyafa. Fulas mai kwalba a ciki yana fashewa in ya faɗi, shi ya sa na ƙarfe ya fi dacewa da ɗakin ɗalibai. A ɗauraye shi da ruwan zafi kafin a cika shi, a kuma cika shi har wuya. In aka taɓa bayansa aka ji ɗumi bayan an zuba ruwa, iska ta riga ta shiga tsakanin bangayen, sai a nemi wani a kasuwar Jimeta.