Kunne Ma Yana Koyon Harshe

A jami'o'in Amurka, ɗaliban digiri na biyu da na uku ne kan kula da 'yan shekarar farko a ɗakunan gwaje-gwaje, kuma da yawansu baƙi ne daga Sin da Indiya da Koriya. Ƙorafin cewa ba a gane Turancinsu ya yi tsanani, har jihar Fensilbaniya ta kafa doka a 1990 wadda ta wajabta tantance Turancin masu koyarwa.

To amma jarrabawa aunawa kawai take yi, ba ta sake bakin mutum. Saboda haka wasu jami'o'i suka riƙa haɗa mataimakin malami da ɗalibi ɗan ƙasa, su zauna hira mako-mako. Nan baƙon ke tsintar Turancin yau da kullum, da yadda ɗalibi kan yi tambaya a sakaye, abin da babu shi a littafi.

Abin da ya fi jan hankalin masanin halittu shi ne, ƙwaƙwalwar ɗan ƙasan ma tana koyo. A 1992 Donald Rubin ya kunna wa ɗalibai lacca ɗaya da muryar wata Ba'amurkiya. Waɗanda aka nuna wa hoton 'yar Asiya, aka ce ita ce mai maganar, sun fi sauran faɗuwa a gwajin fahimta. Wato zato ne ya toshe musu kunne. A 2004 kuwa, Clarke da Garrett suka gano cewa jinkirin gane baƙon lafazi yakan ragu cikin minti ɗaya na saurare, balle a ce an yi awa guda ana hira.