Yajin Majigi: Gardamar Masu Son Fim Ɗin Tsoro a Abuja

In kana son jin gardama mai daɗi a Abuja, ka tsaya bakin ƙofar silimar Jabi Lake Mall ko ta Ceddi Plaza daren Asabar, daidai lokacin da aka tashi daga fim ɗin ban tsoro. Wani zai fito yana share gumi duk da sanyin da ke cikin ɗakin, na kusa da shi yana mita wai an ci masa kuɗin tikiti a banza, shi ko gezau bai yi ba. Wata kuwa tana rantsuwa ita da irin wannan kallo har abada, alhali mako mai zuwa ita ce a gaban layi. Fim ɗaya suka kalla, amma sai ka ce 'yan gida ɗaya ne a gaban akushi ɗaya: maigida na cewa a miƙo masa yaji, autansa na hura baki yana neman moɗa.

Tsoron fim barkono ne, kuma kamar tasu ta wuce ta fatar baki. Barkono ba ya ƙona harshe. Wani sinadari ne a cikinsa yake taɓa jijiyar da Allah Ya ajiye don ta riƙa jin zafin wuta, sai ta aika wa ƙwaƙwalwa cewa gobara ta tashi. Nan da nan gumi ya karyo, hanci ya fara zuba, jiki ya saki nasa maganin raɗaɗi, alhali babu wutar da ta kama. Da zafin ya lafa sai mutum ya ji wani wasai, ya sake kai loma. Haka fim ɗin tsoro yake yi da zuciya. Ido ya ga inuwa a bayan labule, ƙirji ya shiga dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, amma can ƙasan rai ka san kana kan kujera da gugguru a cinya. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Paul Rozin, ya daɗe yana nazarin yadda mutane ke koyon cin barkono, har ƙauyen Meziko ya je ya zauna, kuma a kwando ɗaya ya zuba cin yaji da kallon abin tsoro: wahalar da mutum ke saye da kuɗinsa don ya san ba za ta kashe shi ba.

Ka lura da kaza in an shanya barkono a tsakar gida. Tsattsaga take yi hankali kwance, domin tsuntsu ba ya jin wannan zafi. Akwai masu kallo irinta, an yanka, an binne, fatalwa ta taso, su suna latsa waya. Kada ka yi gardamar fim da irin waɗannan, harshen ne babu.

Sauranmu kuwa koyo muka yi, kuma tun muna kan cinya. Uwa ba ta fara ɗura wa yaro attarugu. Ɗan romo take lasa masa. Romonmu shi ne tatsuniya. Kafin wani Bahaushe ya san majigi, ya san Dodo mai haɗiye yarinyar da ta ƙi jin magana, ya san maye mai kama kurwa, ya san ba a zama gindin tsamiya da tsakar rana, ba a zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla. Kaka na ba da labari, yara na ƙara matsowa jikinta, suna tsoro suna cewa a ci gaba.

To, daga nan bakuna suka rarrabu. Mafi yawan masu cika silima a Abuja 'yan yajin tsire ne. Wanda ake barbaɗawa a sama, ya bugi hanci, ka yi atishawa, ya wuce. Su abin da suke so shi ne a yi tsit, kiɗa ya ɗauke, yarinya ta buɗe ƙofar kabad a hankali, babu komai, ta juyo, sai ga fuska! Ɗaki ya ɗauki ihu, sannan kowa ya fashe da dariya. The Conjuring na James Wan, wanda ya fito a 2013, da 'ya'yansa irin su Annabelle da The Nun, duk wannan kasuwar suke ci. Ban raina su ba. Barbaɗa yaji ma gwaninta ce, mai tsiren da ya iya ya san inda zai tsaya. Kuma wannan yajin cikin taro yake daɗi, shi ya sa fim ɗin da ya girgiza ka a Jabi in ka sake kallonsa a waya da rana tsaka sai ka ji salam.

Akwai 'yan attarugu zalla. Su ba ruwansu da labari, jini suke nema, a sare, a tsire, a farke. Daga Saw na 2004 zuwa Terrifier, hirarsu ɗaya ce: wa ya iya kallo bai kau da kai ba? Wannan gasa ce irin ta samari a teburin mai shayi, kowa na ƙara cokalin yaji a indomi don a ce shi namiji ne. A nan nake rabuwa da su. Miyar da babu komai cikinta sai barkono ba miya ba ce, kuma harshen da aka saba wa haka mutuwa yake yi, gobe sai an ninka. Masu bincike a Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak sun taɓa ɗaura wa mutane na'urar auna bugun zuciya suka tura su gidan wasan tsoratarwa, suka tarar daɗin yana tsakiya: in tsoro ya yi kaɗan a yi hamma, in ya yi yawa daɗin ya gudu. Kowace uwargida ta san wannan tun kafin a auna.

Waɗanda na fi jin daɗin zama da su su ne masu son yajin da ya dahu cikin miya. Ba ka ganinsa, lomar farko ma ba ka jin komai, sai ka kai rabin malmala ka ji wuya ya ɗumame. A Jaws na 1975 an daɗe ana fim kafin a nuna kifin sosai, saboda kifin roban da aka ƙera yana ta lalacewa, sai rashin ganinsa ya fi ganinsa tayar da hankali. The Blair Witch Project na 1999 har ya ƙare ba a nuna mayyar ba. 'Yan kuɗi kaɗan aka kashe, ya tara sama da dala miliyan 200. Hereditary na 2018 kusan rabinsa zaman makoki ne da rikicin uwa da ɗa. Irin wannan shi ne wanda ɗan yajin tsire zai ce maka, "Malam, fim ɗin nan ba ya tafiya." Yana tafiya, a kan garwashi yake. Sai ka koma gida Gwarimfa ko Kubuwa, an ɗauke wuta, ka tsaya a ƙofar banɗaki kana tunanin ko ka haƙura sai da safe.

Sai 'yan daddawa, kuma a nan ya kamata mu ɗan zauna. Baƙon da bai san daddawa ba, in ya shiga ɗakin da ake ajiye ta, toshe hanci zai yi ya ce wani abu ya mutu. Wanda ya tashi da ita kuwa, miyar kuka babu ita ruwa ce kawai. Kuma ba a yin ta rana ɗaya. Sai an dafa kalwa, an wanke, an rufe ta kwana da kwanaki ta ruɓa yadda ake so. Akwai finafinai haka. Ranar da suka fito kasuwa ta ƙi su, masu sharhi suka yi tsaki, aka jefa su lungu. Can bayan shekaru sai ka tarar wasu 'yan tsiraru sun haddace su, suna kare su kamar 'yan gani-kashe-nin ƙwallo. The Rocky Horror Picture Show na 1975 bai yi kasuwa ba da farko, sai da aka koma haska shi da tsakar dare a Niyok, mutane na zuwa sanye da kayan 'yan wasan suna amsa wa majigi magana, kuma har yau ana yi. The Evil Dead na 1981 samari ne suka haɗa shi a wata bukka cikin daji da kuɗin roƙo, ana ganin jinin na bogi ne, amma masoyansa wannan ɗanyen aikin shi suke so.

Namu tulun daddawar ya fi wannan ƙamshi. Abuja gari ne da kowa ya zo da ƙunshinsa. Zauna da ma'aikacin da ya tashi a Inugu ko Anaca, ambaci Living in Bondage na 1992, ka ga yadda fuskarsa za ta canza: Andy ya ba da matarsa Merit don ya yi kuɗi, fatalwarta ta hana shi sakat. Ambaci Nneka the Pretty Serpent ko Karishika, za a ba ka labarin yadda aka kwana a ɗakin iyaye. Bayarabe zai kawo Koto Aye da mayunsa. Bahaushen da ya yi zamanin silimomin El Dorado da Plaza a Kano, ko ya yi layin kaset a shagon haya, zai ce duk ku tsaya, kun ga fim ɗin Indiya Nagin na 1976, macijiyar da ta bi waɗanda suka kashe mata miji ɗaya bayan ɗaya? Kun ga dodannin finafinan Indiya na gidan Ramsay? Yau in ka sake kallonsu, hoton ya dushe, dabarun kwamfutar abin tausayi. An sake dafa Living in Bondage a 2019 da Nneka a 2020, da kyamarori masu tsada da manyan motoci, sun yi kyau, amma tsofaffin masoya da yawa sun ce dunƙulen kanti ne, ba daddawar gida ba. Na fahimce su. Rabin abin da suke ji a tsohon ba a cikin kaset yake ba, yana cikin falon maƙwabta da yara ashirin a kan tabarma.

Akwai kuma finafinan da ake kaiwa manyan bukukuwa na Turai, masu ɗaci kamar shuwaka. Titane na Julia Ducournau ya ci babbar kyautar bikin Kan na Faransa a 2021, The Substance na 2024 ya sa wasu ficewa daga silima. Masu son su a Abuja ba su da yawa, galibi ɗalibai ne da masu harkar zane da rubutu, kuma hujjarsu ita ce ɗacin magani ne: The Substance yana magana ne kan yadda duniya ke wurgar da mace in ta fara tsufa. Gaskiya ne. Amma shuwaka sai an wanke ta an murje kafin ta shiga tukunya, kuma wasu daraktocin ɗanya suke zubawa su ce wanda ya tofar bai waye ba. Tsiraici da ƙazantar da ke cikin da yawansu sun fi ƙarfin gidajenmu, kuma wanda ya ce ba zai kalla ba bai yi ƙauyanci ba. Hukumar tace finafinai ta ƙasa, mai hedikwata a nan Abuja, ita ke manna wa fim shekarun masu kallo, kuma a 2024 ta fito da ƙa'idar hana ƙawata tsafin kuɗi a finafinai. Sai dai waya ba ta san hukuma ba. Da 'yan kuɗi kaɗan a wurin masu tura fim a Nyanya ko Mararraba, yaro ya cika memori da abin da ubansa bai taɓa gani ba. Tulun yajin nan a ƙasa yake, inda hannun yara ke kaiwa, kuma iyaye ne kaɗai za su iya ɗaga shi sama.

Abin da na fi lura da shi a bakin Hausawan garin nan shi ne yajin wani gida ba ya kama su. Baturen da ke tashi daga akwatin gawa ya sha jini, a kore shi da tafarnuwa da sakandami, kallon nishaɗi ne. Amma saka musu Siccin ko Dabbe na Turkiyya, inda ake binne sihiri a maƙabarta, malami na ruƙiyya, aljani na magana da bakin yarinya, ka ga yadda ɗaki zai yi tsit. Ko Makmum na Indunisiya, na 2019: mace ta tashi sallar dare ita kaɗai, ta yi kabbara, sai ta ji an maimaita a bayanta. Wannan ba ya bukatar jini ko ɗigo. Shi ya sa wasu, har cikin masu son tsoron, suke ja da baya a nan. Suna cewa aljanu gaskiya ne, ba a wasa da su, kuma fim ɗin da zai sa mutum fargabar tsayuwar dare ya yi ɓarna. A Indunisiyar ma an yi wannan rigima a 2024, har malamai suka sa aka janye hoton tallan wani fim aka sauya masa suna. Ina tare da su a kan sallah. Ban yarda dai a ce duk labarin ɓoye haramtacce ne ga mai fim ba, tunda kakanninmu da shi suka yi mana tarbiyya.

Kayan miyar kuwa ga su nan zube. Ga Dutsen Zuma a hanyar Kaduna da fuskar mutum a jikinsa, ga katafaren otal ɗin da aka bari kango a gefensa, wanda direbobi ke ba da labarinsa iri-iri. Ga gidajen da ba a ƙarasa ba a kowace unguwa, ga motar 'yan fashin wancans da kowa ke tsoro bayan magariba. Wasu matasa uku, C.J. Obasi da Michael Omonua da Abba Makama ɗan Jos, sun gwada dafa irin wannan. A Juju Stories na 2021, kashin Makama ya ɗauko jita-jitar da duk ɗan Najeriya ya sani, ta wanda ya tsinci kuɗi a titi ya zama doya. Mami Wata na Obasi, baƙi da fari, ya ci kyautar ɗaukar hoto a bikin Sundance a 2023.

Kannywood ce har yanzu take zuba ruwa a tukunyar. In za a nuna aljani sai a shafa wa mutum farar hoda, a sa shi dariya da amsa-kuwwa, ya ɓace fat, yara na tafi. Alhali abin da ke tayar mana da tsikar jiki bai kai wannan tsada ba: amarya a sabon gida a Dei-Dei, miji ya tafi aikin dare, ta ji ana daka a tsakar gida ƙarfe biyu, kuma ta san turminta yana Katsina ba a kawo ba tukuna. Kyamara ɗaya, fitila ɗaya, da daraktan da zai iya haƙurin kada ya nuna mai dakan. Duk shekara ana bikin finafinai na Zuma a garin nan, kuma ina so in ga irin wannan da Hausa a jerin waɗanda za a haska.