Funfunar Cikin Itatuwan Hamada Da Ciwon Daji

Akwai wata irin funfuna ƙanƙanuwa wadda ke zaune cikin jikin itace, a saiwa da ɓawo da ganye, ba tare da ta cuce shi ba. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Itacen ne ke ciyar da ita, ita kuwa takan fid da waɗansu sinadarai masu kare shi daga ƙwari da cuta. Waɗannan sinadarai su ne masana ke bi.

Samun magani daga funfuna ba sabon abu ba ne, gama daga gare ta Alexander Fleming ya gano fenisilin a Landan cikin 1928. Cikin 1993 Gary Strobel da abokan aikinsa a Montana ta Amurka suka ba da labarin sun sami Taxol, watau wani babban maganin ciwon daji, a funfunar da ke cikin itacen da ake tatsarsa. Daga baya waɗansu masana sun yi jayayya da wannan. Duk da haka ƙofa ta riga ta buɗe.

Sa'an nan hankali ya koma kan hamada, bisa zaton itacen da ya jure wa ƙishi da zafin rana ba zai rasa mataimaki a ɓoye ba. A Jami'ar Arizona, Leslie Gunatilaka da jama'arsa suka ciro funfuna daga tsiron hamada mai suna Ephedra, cikin 2006 suka bayyana cewa tana fid da radicicol, wanda ke hana ƙwayoyin ciwon daji yaɗuwa a kwanon gwaji. Amma kwanon gwaji daban, jikin mutum daban. Har yanzu radicicol bai zama maganin asibiti ba.

Ƙasar Darki ba hamada ba ce, amma tana da itatuwa masu jimrin fari: aduwa, magarya, sabara, bagaruwa, tumfafiya. Irinsu ake nema, kuma wanda aka sare don gawayi ya tafi da abin da ke cikinsa.

To, a nan ne aikin Hakimai da magatakardansu yake. Labari irin wannan in ya shiga kasuwa yakan sāke kama, har mai tallar magani ya ce Turawa sun tabbatar da sassaƙensa. A faɗa wa dagatai da masu unguwa su sanar da talakawa cewa jiƙa sassaƙe ba ya fid da waɗannan sinadarai bisa gwargwado, kuma ƙaron tumfafiya dafi ne. Haka nan wata funfunar ita ce ma ke haddasa ciwon: wadda ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi tana fid da afalatoksin, mai jawo ciwon daji na hanta. An gano shi ne bayan da ya kashe talotalo wajen 100,000 a Ingila cikin 1960.

Duk wanda ya ji ƙullutu a mama, ko ya ga gyambon da ya ƙi warkewa, a tura shi asibitin Wudil tun da wuri, daga can a miƙa shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano in hali ya kama.